Godiya bisa dawowar ƙanenmu daga kurkukun Saudiyya

Assalamu alaikum. A madadin zuri'ar gidanmu da ke ƙasar Ringim, muna miƙa godiya ga mai girma dagaci, da malam liman, da iyayenmu mata da suka yi ta karo-karo, har da masu sayar da akuyarsu, da duk wanda ya tako ya zo mana barka da arziki. Ƙanenmu ya gama wa'adinsa ya dawo da ransa, bayan saƙon da ya karɓa a filin jirgi bai buɗe ba ya zama ƙwaya. Allah Ya saka muku da alheri.

Masu karo-karo, ya kamata ku san inda kuɗinku ya yi aiki. A gidan yari ana ba da abinci, amma sabulu da katin waya da ƙarin abin sawa a baki, duk saye ake yi. Wanda ba shi da mai aiko masa sai ya ci bashi a hannun tsofaffin 'yan ɗaki, kuma daga bashin nan ake fara dukan mutum. Ranar biya ta zo babu, sai a ƙwace bargonsa, a mayar da shi mai wankin wasu, in ya yi gardama a tare shi a banɗaki inda idon gandiroba ba ya kaiwa. Sabon shiga kuwa bakin banɗakin ne makwancinsa. Ga cunkoso, ga ƙazuwa, mutum ɗaya ya fara tari sai ya zagaye ɗaki. Ɗan abin da kuke turawa duk wata shi ya hana yaron nan cin bashi.

Godiya ta musamman ga ɗan garinmu mazaunin Jidda da ya yi ta sintiri zuwa ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya. Abin da ke kashe mutanenmu tun ranar farko shi ne dangwala yatsa a takardar Larabci da ba su san me ta ƙunsa ba, gobe a karanta ta a kotu a matsayin amsa laifi. Wanda aka kama ya nemi tafinta, ya kuma nemi a sanar da ofishin jakadanci, sanarwar nan haƙƙinsa ce a yarjejeniyar Vienna ta 1963 kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci. Lamarin ba na wasa ba ne: hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. An dakatar da zartar da kisan na ɗan lokaci, aka ci gaba a Nuwamban 2022, kuma sau da yawa iyali sai bayan an zartar suke ji.

Masu niyyar Umara da Hajji, don Allah kada ku karɓi saƙon kowa, ko da ƙullin yaji ne. Ku ɗaure kayanku da hannunku, ku tsaya har a auna, ku ƙirga lambobin kaya da aka manna muku. Jaka biyu, lamba biyu. A 2019 an sako wata ɗaliba da aka tsare a Madina, bayan binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ya nuna an liƙa sunanta a jakar tiramol da ba tata ba tun daga Kano.

Har yanzu tari bai saki ƙanen namu ba, ranar Litinin za a kai shi Dutse gwajin majina. Masu zuwa gaisuwa a yi mana haƙuri a bari sai bayan la'asar.