Abin da Garmar Ƙanƙara ta Koya Mini Game da Nauyin Mota

Na yi shekara tara ina kanikanci a Kaduna kafin Allah ya kai ni birnin Buffalo a jihar New York ta Amurka, kuma duk tsawon wannan lokaci ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin. Buffalo na bakin tafkin Erie ne, kuma idan iska mai sanyi ta ratso ta saman ruwan tafkin kafin ya daskare, takan kwaso danshi ta zo ta juye shi a kan gari, har abin da ke zuba a shekara guda yakan haura mita 2 idan aka tara. Shi ya sa daga watan Oktoba garejin da nake aiki yakan cika da motocin a-kori-kura waɗanda masu su ke so a ɗaura musu garma a gaba, wato faffaɗan farantin ƙarfen da ake ture ƙanƙara da shi daga ƙofar gida da filin ajiye motoci. Akwai mai neman share gidansa kawai, akwai kuma wanda abincinsa na hunturu ke nan.

Aikin ɗaurawar bai ba ni wahala ba. Kamfanoni irin su Western na jihar Wisconsin, da Fisher na jihar Maine, da Boss na jihar Michigan, kowanne yana ƙera mazaunin garma daidai da kowace irin mota, sai a ɗaure shi da noti a jikin shasi, a matse gwargwadon ƙarfin da takarda ta faɗa, a ja wayoyi zuwa batir da fitilu, a shigar da na'urar sarrafawa cikin mota kusa da direba. Wanda ya saba da sifana zai iya wannan cikin yini ɗaya. Abin da na ɗauki lokaci kafin na gane shi ne tambayar da ke gaban duk wannan, wato ko motar ta cancanci a ɗaura mata garmar tun farko.

A hunturuna na farko wani mutum ya zo da ƙaramar a-kori-kura, irin wadda a nan ake kira mai rabin tan, ajin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado 1500 da Ram 1500. Ya sayo garma ta hannu wadda aka ciro daga babbar mota, nauyinta ya doshi kilo 400, alhali garmar da aka ƙera domin irin motarsa, mai faɗin ƙafa 7 da rabi, ba ta cika wuce kilo 200 ba. Maigidana ya yi tafiya a ranar, ni kuma na karɓi aikin. Da na gama na ɗaga garmar sai gaban motar ya durƙusa, amma hakan bai tayar mini da hankali ba, domin a gida mun saba da maganin wannan: motar da za ta riƙa jigilar buhunan masara daga Saminaka ƙara mata sifirin ake yi, ta miƙe, ta kama hanya. Na saka mata robobin tallafi a ƙafafun gaba, ta tsaya daidai, mai ita ya biya ya tafi yana godiya.

Bai cika wata biyu ba ya dawo. Tayoyin gaba sun cinye ta gefe guda, boris na kuka, mahaɗan ƙafa sun yi sako-sako, sannan ya ba ni labarin da har yau nake tunawa: ya taka birki a wata gangara da asuba, bayan motar ya juya da shi har ya tsaya a tsakiyar mararraba. Allah ya kiyaye babu kowa a kan hanya a lokacin.

Maigidana bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar, wadda na sha gani ban taɓa tsayawa na karanta ba. A kanta akwai haruffan GAWR, da adadi ɗaya na gaba, ɗaya na baya, wato iyakar nauyin da masu ƙera motar suka yarda kowane aksil, ƙarfen da tayoyin gaba ko na baya ke jikinsa, ya ɗauka. A irin waɗannan ƙananan motoci adadin gaba bai kai tan 2 ba, kuma inji da giya da batir da direba sun riga sun cinye mafi yawansa tun ba a ɗaura komai ba. Daga nan ya sa muka kai motar kan sikelin manyan motoci da garmar a ɗage, muka ɗora tayoyin gaba kaɗai, muka ga ta zarce iyakarta da nisa. Robobin da na saka sun ɗaga hancin motar, amma ba su ƙara wa boris ko birki ko tayoyi ko sitiyari ƙarfin komai ba. Abin da suka yi shi ne ɓoye alamar da ya kamata ta tsayar da ni.

Akwai lissafi a nan da ya kamata duk mai wannan sana'a ya iya, kuma ni sai a ranar na yi shi da alƙalami. Garma ba a kan tayoyin gaba take zaune ba, rataye take can gabansu, saboda haka tana danna gaba da fiye da nauyinta, tana kuma ɗaga baya, kamar yadda yaro ke ɗaga wanda ya fi shi nauyi a kan lilon katako idan ya zauna can ƙarshe. A ce garma mai kilo 200 tana rataye mita 1.4 gaba da aksil ɗin gaba, tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya kuma mita 3.7 ce. Abin da zai hau kan gaba ya kai kilo 276, kuma kilo 76 ɗin da ya ƙaru daga baya aka zare shi. Idan garmar ta ninka nauyi, duka adadin biyu sun ninka. Bayan a-kori-kura da ma ba shi da nauyi in ba kaya, to ina ga an sake rage masa a kan titi mai santsi? Dalilin juyawar motar mutumin nan ke nan, kuma dalilin da ya sa masu ƙera garma ke cewa a ɗora buhunan yashi a bayan tayoyin baya, kusa da murfin akwati, a ɗaure su tamau. Na jaddada ɗaurewa domin buhun da ya jiƙe ya daskare dutse ne, kuma idan aka yi karo zai iya tahowa gaba da ƙarfi.

Bayan nauyi sai wuta. Famfon da ke ɗaga garma da juya ta da batir yake aiki, kuma a duk lokacin da aka danna shi yana jan wuta mai yawa, ga fitilu, ga na'urar ɗumama mota, ga abin goge gilashi, duka a kunne cikin sanyin da ya riga ya rage wa batir ƙarfi. A sababbin motoci sitiyarin ma da lantarki yake aiki, don haka ƙarancin wuta na iya shafar tuƙin kansa. Kamfanin Ford ya yi la'akari da wannan a F-150 ta 2015, inda ya fitar da tsarin shirin garma ga mai injin lita 5 da ke ja da ƙafa huɗu, har da maɓallin da ke kashe wasu kayan jin daɗi domin a bar wa garma wuta. Tun da na fahimci haka, ba na sallamar mota sai na gwada batir da abin da ke cajinsa, na kuma shafa man kariya a kowane mahaɗin waya, domin gishirin da ake watsawa a titunan nan yana cin waya kamar yadda yake cin ƙarfe. Gishirin ne kuma ya sa nake shiga ƙarƙashin tsohuwar mota da guduma kafin na yarda da ita. Shasin da tsatsa ta ci ba zai riƙe noti ba, komai kyan matsi.

Sauran abin a hannun direba yake, kuma na koyi cewa faɗa masa wani ɓangare ne na aikina. Garmar da aka ɗaga tana tare iskar da ke shiga lagireto, har mota ta yi zafi ana tsakiyar sanyi, don haka a sauke ta ƙasa kaɗan ko a karkata ta, a riƙa duban allon zafi. Littafin Western ya ce kada a wuce kilomita 72 a awa da garma a rataye, kada kuma a wuce 16 ana turi. A tsaya cak kafin a sa giyar baya, domin yawan gaba da baya cikin gaggawa shi ne ke ƙona giyar ƙaramar mota. A kuma fita tun ƙanƙarar ba ta taru ba, a share sau biyu ko uku, maimakon a jira ta kai gwiwa. Wanda ya ga guguwar watan Disamba na 2022, wadda ta rufe Buffalo kwanaki ta kuma yi sanadin mutuwar mutane fiye da 40 a yankin, ya san akwai ranar da ƙaramar mota ba ta da abin yi sai ta jira manyan injuna.

Mutumin nan mun cire masa babbar garmar, muka gyara ƙafafun gaban, ni kuma na roƙi maigidana a cire kuɗin aikin daga albashina, domin ni na karɓi abin da bai kamata na karɓa ba. Ya sayar da ita ya sayi ƙarama, muka ɗaura, muka ɗora yashi a baya, muka koma kan sikeli da shi a zaune a kujerar direba da tanki cike da mai, gaba da baya duka suka tsaya ƙasa da adadin da ke jikin ƙofa. Ya ci gaba da kawo motar duk watan Oktoba in sake matse notocin in canza man famfo. Wannan kakar ma mutum biyu sun zo da garmar da ta fi ƙarfin motarsu, na buɗe ƙofar direba na nuna musu takardar, na yi musu lissafin a gabansu; ɗaya ya yarda ya canza, ɗayan ya ɗauki garmarsa ya tafi neman wani gareji.