Wa Za Mu Zaunar a Kujerar Amintattu?

Daren Laraba bayan sallar isha'i muka zauna a zauren mai unguwa, mu tara, kan maganar ƙungiyar da muke son kafawa saboda yaranmu da ƙwaya ta kama. Lauyan da ke taimaka mana kyauta ya ce hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, ba za ta yi mana rajista ba sai mun kawo sunayen amintattu, wato waɗanda za su riƙe amanar ƙungiyar, da sana'ar kowa da adireshinsa, a buga a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Kafin ya rufe baki sunaye sun fara zuba. Wani ya ambaci tsohon babban ɗan sanda, wani ya kawo attajirin Kantin Kwari, wani ya ce sai an sa tsohon ɗan majalisa don ƙofofi su buɗe. Duk mutanen kirki ne, ban da abin cewa a kansu. Amma na ce, "Ranka ya daɗe, a dakata. A cikinsu wa ya taɓa kwana a gaban yaron da jikinsa ke ɓari saboda bai sha ba?"

Ni na kwana. Ɗan yayata ne, kodin ya fara sha yana aji biyar na sakandare, ya gangara zuwa tiramol. Sau biyu ana kama shi, sau biyu yana fitowa da sababbin lambobin dillalai a kansa. Da muka rasa yadda za mu yi muka kai shi gidan mari, kuma har yau tabon ƙarfen yana idon sawunsa. Wadda ta fara fahimtar da mu abin da ke damunsa wata ma'aikaciyar jinya ce a asibitin ƙwaƙwalwa. Ta zaunar da yayata ta ce mata, "Hajiya, wannan ciwo ne, kuma yana da magani, amma sai an yi haƙuri da komawarsa sau ɗaya ko sau biyu." Ba wanda ya taɓa gaya mana haka a shekara uku.

Tun daga nan nake bin labarin ƙungiyoyin da ke neman a gyara dokokin ƙwaya, kuma abin da nake fara dubawa shi ne aikin da shugabanninsu suka yi a baya. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce hukumar da marigayi Kofi Annan ya haɗa a 2013 kan ƙwaya a Afirka ta Yamma. Olusegun Obasanjo ya shugabance ta, ga Pedro Pires tsohon shugaban Cape Verde. Da a nan aka tsaya, da taron manya ne kamar kowane. Amma an zaunar da Dakta Idrissa Ba, likitan ƙwaƙwalwa daga Dakar wanda aikinsa kullum duba masu shaye-shaye ne. An zaunar da Christine Kafando ta Burkina Faso, matar da ta fito fili ta ce tana ɗauke da cutar ƙanjamau a lokacin da faɗin haka ke raba mutum da danginsa. Ga Mai shari'a Bankole Thompson na Saliyo, ga Adeolu Ogunrombi daga Najeriya mai aiki da matasa, har da mawaƙiyar Mali Oumou Sangaré, wadda muryarta ke shiga ɗakunan da rahoto ba ya shiga.

Rahoton da suka fitar a watan Yunin 2014 ya ce yankinmu ya daina zama hanyar wucewar hodar iblis zuwa Turai kawai, mu ma muna sha. Suka ce a ɗauki shan ƙwaya a matsayin matsalar lafiya, a daina cika kurkuku da ƙananan masu sha, a juya ƙarfin hukuma kan manyan masu fatauci da masu ɗaure musu gindi. Ina ganin hannun likitan da na matar nan a wannan magana. Alƙali ya san cunkoson gidan yari, tsohon shugaba ya san inda kuɗin fatauci ke shiga siyasa, amma wanda ya san yadda allura ɗaya ke zagaya mutum biyar ta bar musu cuta, sai wanda ya gani da idonsa. A ƙarshen 2014 aka buɗe cibiyar kula da masu shaye-shaye a asibitin Fann na Dakar, inda ake ba da methadone, maganin da ke rage wa mai shan heroin ƙishirwarta. A 2018 hukumar ta fitar da samfurin doka ga ƙasashen yankin, kuma a 2020 Ghana ta yi sabuwar doka da ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ɗan abin da zai sha tara a maimakon ɗauri.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da tsofaffin shugabanni, kuma zan faɗa. Hukumar duniya kan manufofin ƙwaya da aka kafa a 2011 cike take da su: Cardoso na Brazil, Zedillo na Meziko, da Gaviria na Kolombiya, wanda a zamanin mulkinsa aka kashe ƙasurgumin mai fataucin hodar iblis Pablo Escobar a 1993. Gaviria, mutumin da ya yaƙi fatauken ƙwaya da hannunsa, ya dawo yana cewa bindiga ba ta kawo ƙarshen matsalar ba, kuma maganarsa tana da nauyin da tawa ba za ta taɓa yi ba. Sai dai yawancinsu sun faɗi haka ne bayan alƙalami ya bar hannunsu. Shi ya sa nake girmama Ruth Dreifuss ta Suwizalan, wadda tana kan kujerar minista mai kula da lafiya a shekarun 1990 ta tsaya wa shirin kula da masu shan ƙwayar heroin ƙarƙashin likita, alhali ana sukarta.

Mu nan ba ƙaramin abu muke fuskanta ba. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma duk wanda ke zaune a unguwa irin tamu ya ga yadda yara suka koma wasu abubuwan.

Na ba mutanen zauren wannan labarin a taƙaice, sannan na kawo nawa sunayen. Ma'aikaciyar jinyar nan, in ta yarda. Mai kemis ɗin bakin titi, wanda ya san abin da yara ke tambaya da irin sunayen da suke kiransa. Limaminmu, domin iyaye wajensa suke fara zuwa kafin asibiti. Yayata. Sai wani matashi mai gyaran babur da ya yi shekara huɗu rabonsa da ƙwaya.

A kan na ƙarshen aka yi gardama. Mai unguwa ya ce, "Malam, sunan nan fa jarida zai shiga. In ya koma ruwa, da wane ido za mu kalli mutane?" Tambaya ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Na ce masa yaran da muke nema ba za su zo wajena ba, ba za su je wajen tsohon ɗan sanda ba, amma kullum suna zaune a kan bencin garejinsa. Liman ya goyi bayana. Aka bar tsohon ɗan sandan a jerin, kuma na ji daɗin haka, don ranar da za a kama wani yaro muna buƙatar wanda ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Da safe na je garejin na gaya masa. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma bai ce komai ba. Can ya ce, "Baba, sai na tambayi mahaifiyata, don ita ta sha kunyar farko." Ya ce in dawo ranar Asabar.