Kwana Tara da Na Bar Duna a Bayan Rumbu

Ƙannena masu fita farauta da karnuka, da ku masu ajiye kare don gadin garke ko gona, akwai ranar da ba a cika shirya mana ita ba. An koya mana yadda ake zaɓen kwikwiyo, da yadda ake hora shi ya bi sawu, ya kama ya riƙe bai ci ba. Amma ban taɓa jin wani babba ya zaunar da mu ya faɗa mana abin da za mu yi ranar da karen zai dawo gida a kafaɗa, jini na ɗiga ba. Ni ranar ta riske ni ina ɗan shekara 24, kuma tun daga farko har ƙarshe ban yi daidai ba.

Duna sunansa, baƙi wuluk in ban da ɗan fari a ƙirji. Shekararsa 4, ƙarfinsa ya kawo. In zomo ya tashi a gabansa, sai dai ka laluba wuƙarka. Da rani ne, an gama kawar da amfanin gona, muka shiga wani kurmi gabas da ƙauyenmu a ƙasar Birnin Kudu. Ashe wani ya ɗana tarkon ƙarfe a bakin ramin beguwa, ya lulluɓe shi da busasshen ganye. Ina daga nesa na ji ƙarar tarkon, sai kuma wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakin Duna ba. Ƙafar gaba ta dama ce. Ƙashin ya karye ƙasa da gwiwa, tsininsa ya huda fata ya leƙo.

Da gudu na isa na kai hannu, shi kuwa ya cafke min tsintsiyar hannu. Karen da nake ba tuwo da hannuna. Ban riƙe shi da wannan ba, zafi ne ya gusar masa da hankali. Ku dai ku sani, kare mai rauni ana fara ɗaure masa baki da ƙyalle ko rawani, a zagayo a ƙulle a bayan kunnuwa, sannan a taɓa ciwon, sai fa idan yana amai ko numfashi na yi masa wuya. Na kuma goge cizon da ganye na ci gaba da sha'anina, alhali Duna bai taɓa ganin allurar rigakafin ciwon hauka ba. Allah ne kawai ya tsare. Cizon kare ana wanke shi da ruwa da sabulu har minti 15, a wuce asibiti a ranar, don ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba a tashi. Allurar rigakafin karnuka kuwa a nan ƙasar ake sarrafa ta, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, kuma sau ɗaya a shekara ake yi wa kare ita.

Da muka iso gida na kai shi bayan rumbu, na shimfiɗa masa tsohon buhu. Kowa ya zo da tasa shawara. Wani ya ce a zuba baƙin mai, ƙuda ba zai sauka ba. Na zuba. Na roƙi wani dattijo mai ɗorin awaki ya zo ya jera karare a kan ƙafar, ya naɗe tam da tsumma, har da ramin ciwon duk a ciki. Da yamma na je kemis na sayo ƙwayar ciwon jiki irin wadda nake sha in na dawo daga gona, na riƙa cusa masa a cikin lomar tuwo safe da dare. A raina gata nake yi masa.

Abin da ya fi damuna yau shi ne tambayar da na riƙa yi wa kaina a waɗannan kwanaki. Kullum lissafina ɗaya ne: zai sake gudu? Zai kai farautar baɗi? Ko sau ɗaya ban tambayi kaina irin azabar da yake kwana da ita ba. Na san akwai likitan dabbobi a cikin gari. Kunya ce ta hana ni zuwa, kada a ce ɗan wane ya ɗauki kare a babur ya kai asibiti, mutane ma ba su samu ba. Sai tsoron kuɗi, wanda ban ma je na ji nawa ne ba. Sai kuma wani tsoron da ya fi su, kada likita ya ce ƙafar ta tafi. Muddin ban je ba, ina iya ci gaba da cewa gobe zai taka.

A kwana na 3 tafin ƙafar ya kumbura ya yi sanyi. A na 5 wari ya fara tashi. Inna ta tare ni a bakin madafa ta ce, "Kai, wannan dabbar ba ta barci. Ina jin nishinta har asuba. Ka ji tsoron Allah a kanta." Na ce, "To, Inna, ana yi masa magani." A kwana na 7 ya daina kallon kasko, ya fara amai, kashinsa ya koma baƙi kamar kwalta. Da na daure na kwance ɗorin, tsutsa ce fal a cikin naman. Duk da haka da ya ji muryata sai ya ɗan kaɗa bindi a ƙasa, sau biyu, ƙura ta ɗan tashi. Har yau ina ganin wannan ƙurar.

Sai a kwana na 9 na naɗe shi a buhu, abokina ya tuƙa babur, na rungume shi a baya. Likitan bai yi min faɗa ba. Ya ɗaga leɓen Duna ya nuna min dasashinsa, fari fat. Ya ce, "Malam, ka ga nan? Ja-ja ya kamata ya kasance." Ya tambayi abin da na ba shi, na miƙa masa kwalin. Ya girgiza kai. A nan na fara sanin cewa ƙwayoyin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, suna ƙwaƙule wa kare ciki har ya yi jini, suna kuma lalata ƙoda. Baƙin kashin nan jini ne. Ɗorin da aka tamke ya tare jini daga isa tafin, ya kuma kulle ƙazantar tarko a cikin ƙashi. Baƙin mai kuwa ba ya kashe ƙwayar cuta, naman ma yake ƙara illatawa. Ruɓar ta riga ta shiga jini.

Na ce, "Likita, da na kawo shi ranar fa?" Ya ce da an wanke ciwon, an ba shi maganin da ya dace, sannan ko a gwada haɗa ƙashin ko a cire ƙafar, kuma da wuya ya rasa ransa. Ya ce yanzu abin da ya rage a hannunmu shi ne mu hutar da shi. Na riƙe kan Duna a cinyata, aka yi masa allura a jijiya. Ko minti 2 ba a yi ba jikinsa ya saki. Wannan ne barcin kirki na farko da ya samu tun ranar tarko.

Na daɗe ina jin nauyin wannan allura, har na kai maganar gaban malaminmu. Ya ce malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yarda a hutar da dabbar da aka fid da tsammanin warkewarta, ko da ba wadda ake ci ba ce. Sannan ya tuna min hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Ya ce, "Allurar ba ita ce abin istigfarinka ba, ɗana. Kwana taran nan ne." Ya kuma ce kare na farauta da na kiwo da na gona shari'a ta halatta ajiye su, kuma wanda ya ajiye dabba haƙƙinta na wuyansa. Kunyar da na ji ta kai kare asibiti ba ta da tushe a addini, tsegumin majalisa ne kawai na ji wa tsoro.

Bayan wasu shekaru motar itace ta take wa karyata Bar-su ƙafar baya muna tsallaka titi. Wannan karon na ɗaure mata baki, na danne jinin da tsumma mai tsabta, na zuba ruwan da aka tafasa da ɗan gishiri ya huce a ciwon, ban ba ta ƙwaya ko ɗaya ba. Kafin la'asar muna gaban likita. Ƙashin ya dagargaje, ba abin haɗawa. Ya ce a cire. Na tambaye shi abu uku ƙarara: za ta rayu ba cikin azaba ba, nawa ne, kuma wace hidima ke jirana a gida. Na faɗa masa gaskiyar abin da ke aljihuna, ya rage abin da zai iya ragewa, na sayar da akuya na cika. An yi min dariya a majalisa, an ce an sayar da halal an yi wa kare magani. Na bar su da bakinsu.

Mako 2 aka cire zare. Kafin wata ya cika tana bin yara zuwa rijiya da ƙafa uku. Likitan ya ce ta yi sa'a da ta baya ce, don kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare a ƙafafun gaba yake, amma ko ta gaba ce suna sabawa. Farauta kam ta ƙare mata. Ranar da muka fara fita ba da ita ba ta bi mu har bakin gari tana kuka, dole na sa aka riƙe ta. Na mayar da ita turken tumaki, ta zama mai gadi. Hancinta da kunnenta ba su gurgunce ba. Ta kuma haifa min 'yan kwikwiyo da suka gaje ta a daji.

Ba kowane rauni ne ke ƙarewa haka ba, kuma ba zan ruɗe ku ba. Idan ƙashin baya ya karye, ƙafafun baya suka mutu, fitsari da kashi na zuba ba da saninsa ba, aka matse yatsun ƙafar da ƙarfi bai ko waiwayo ba, to da wuya ya tashi. Haka in hanji ya fito ya daɗe a ƙasa. A irin wannan, jan kwanaki zalunci ne, ko da sunan tausayi aka yi shi. Wani lokaci kuma maganin akwai shi amma ya fi ƙarfinka, ga iyali ga bashi. Wannan ma ka faɗa wa likita ba kunya, ku nemi hanya mafi sauƙi ga dabbar. Abin da nake roƙonku kada ku yi shi ne abin da na ga ana yi: a kai kare daji a yar ya mutu da ƙishirwa, ko a zuba masa shinkafar ɓera a abinci ya daɗe yana fama kafin rai ya fita, ko a miƙa shi ga masu yawon sayen karnuka a cusa shi a keji da karayarsa. Dabbar da ta cika maka tukunya shekara da shekaru ba ta cancanci haka ba.

Ku yanzu kuna da abin da ba mu da shi. Waya na aljihunku, kuna iya ɗaukar hoton ciwo ku tura wa likita ta WhatsApp tun kuna cikin daji, ya ce muku ku taho ko ga abin da za ku fara yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ku nemi lambar tun karenku na lafiya. Ku tambaya a sashen dabbobi na ƙaramar hukumarku, ko a kara ranar kasuwa, ba a rasa ma'aikacin dabbobi a wurin. A jakar farautata yanzu, gefen wuƙa da gorar ruwa, akwai bandeji, da ƙullin gishiri, da wani tsohon rawani da na yanka tsawon kamu biyu don ɗaure baki. Lambar likitan kuma na rubuta ta da biro a cikin murfin jakar, saboda ranar da caji zai ƙare.