Godiya Ga Waɗanda Suka Zauna Suka Yi Lissafi Da Mu

Assalamu alaikum 'yan uwa na nan Gadarif, da na Madani da Mai Wurno, da namu da ke Jidda da Kano. Alhamdu lillahi, sakamakon neman gurbin jami'a ya fito. 'Yata ta fari ta samu shiga sashen koyon likitanci na Jami'ar Gadarif, kuma ta ɗaukar gama-gari, wadda muke kira ƙabul am. Tun daga ranar waya ba ta huta ba. Ƙafata ba za ta kai ni gidan kowa ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Yarinyar tana cikin 'yan ajin da ya kamata su zana jarrabawar shahadar Sudan, wato ta gama sakandare, a 2023. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, aka ɗage. A watan Disamba na wannan shekarar Madani ta faɗi, muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka. Ba a zauna jarrabawar ba sai 28 ga Disamba 2024. Tun fitowarmu a gidan Baffanta muke, a nan Gadarif. Yaya, kai ka kwashe kayanka daga ɗaki ka ce mu shiga, ba ka taɓa tambayar ranar tafiyarmu ba. Gwaggonta kuma ta ɗauke mata girki da wanki, ta ce ita aikinta littafi. Allah ya saka muku da gidan Aljanna. Haka malamar ilimin halittu, wadda ita ma gudun hijira ta yi, tana kwana a makarantar da aka mayar masaukin baƙi, amma kullum bayan la'asar sai ta tara yara a gindin bishiya ta koyar da su, ba ta karɓi ko sisi ba. Malama, hawayen da yarinyar ta yi da ta ga sunanta, sunanki ta fara kira.

Amma godiyar da ta fi nauyi a zuciyata ta waɗanda suka zo bayan makin ya fito ce. Makin ya yi kyau, kowa ya shigo da barka, kuma kusan kowa kalma ɗaya ce a bakinsa: Khartoum. Ban ga laifinsu ba. Makarantar likitanci ta Khartoum tun 1924 take, lokacin ana kiranta da sunan Kitchener, kuma manyan likitocin ƙasar nan da yawa can suka fito. Wane uba ne ba zai so ba? Sai dai gurbinta a al'ada sai wanda ya haura kashi 90 cikin 100, kuma na 'yata ya gaza iyakar ɗaukar da ta gabata da ɗan ƙiris.

A nan ne Allah ya kawo mana wani likita ɗan unguwarmu ta Madani, wanda ya yi karatu a Jami'ar Jazira, a gabana ya girma. Ya zo da littafin jagoran neman gurbi a wayarsa, ya zauna a tabarma, ya ce, "Baba, mu ajiye sunan jami'a tukuna, mu fara da makin yarinya." Ya bayyana mana cewa daga darussa bakwai ake fitar da kason: Larabci, Turanci, addini, lissafi, sai fiziks da kemistri da ilimin halittu. Ya ce lambar da ake gani ta ɗaukar da ta gabata ba doka ba ce. Ana jera masu nema ne daga sama zuwa ƙasa har gurabe su cika, makin na ƙarshe shi ne ya zama iyakar shekarar, don haka tana iya hawa tana iya sauka. Bana kuwa ta fi wuyar hasashe, domin yara da yawa ba su samu zama jarrabawar ba, ga jama'a sun kwararo gabas, jami'o'in Gadarif da Kassala da Bahar Maliya a Port Sudan za su samu masu nema fiye da da. Ya ce ta rubuta abin da ranta ke so a sama, babu asara, amma haramun ne a cika takardar da wuraren da hannu ba zai kai ba a bar ƙasa fayau. Haka aka yi. Ita da kanta ta jera: Khartoum, Jazira, Gadarif, Kassala, sannan harhaɗa magunguna da gwajin jini a ƙasa.

Sai maganar da ta hana gidanmu barci, wato shiga ta kuɗin kai, nafaƙa khassa. Aji ɗaya ne, malami ɗaya, shahada ɗaya, kuma ana karɓar maki ƙasa da na gama-gari, sai dai kuɗin kowace shekara yake zuwa. Mahaifiyarta ta kwance ɗan gwal ɗin da ta ɗaura a ƙugu ta fito da shi daga Madani, ta ce a sayar, in dai 'yarta za ta shiga babbar makaranta. Kawun yarinyar da ke aiki a Jidda shi ya tsayar da mu. Ya kira ni ya ce, "Yaya, shekarar farko na ɗauka, wannan alkawari ne. Ta biyu in sha Allahu. Amma ni mai iƙama ne, da takardar izinin zama nake nan, ban san inda zan kwana nan da shekara huɗu ba, kuma ba zan yi maka alkawarin da zai karye a tsakiyar hanya ba." Wallahi wannan magana ta fi mini kuɗin da zai turo. Mutum ne da zai iya cewa a shiga kawai don a yabe shi, amma ya zaɓi ya faɗi gaskiya. Ya kuma tuna mana cewa kafin yaƙi dala ɗaya kusan fam 600 take, a 2025 ta haura 2,000 a kasuwa. Kuɗin makarantar da aka yanka bana babu mai tabbacin shi za a biya baɗi. Karatun likita shekara biyar ne zuwa shida, gwal kuwa sau ɗaya ake sayar da shi. Na san gidajen da yaro ya kai aji uku kuɗi ya yanke, ba shahada, ba gona.

Masar ma an kawo ta, amma tun watan Yunin 2023 sai da biza, kuɗin karatu da dala, ga haya. 'Yan uwanmu na Kano sun ce a turo ta su riƙe, kuma na san da zuciya ɗaya suka faɗa. Sai dai can ma sai ta zana JAMB da Turanci, gurbin likitanci a Bayero ko Zariya kuwa 'yan gida ma kokawa suke a kansa. Yarinyar da ta riga ta rasa kusan shekara biyu ba mu so ta ƙara rasa wata. Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Likitan nan bai tsaya a kuɗin rajista ba. Ya sa muka rubuta ɗakin kwana, abinci, kuɗin mota zuwa asibiti, waya mai ɗaukar littattafai, intanet, farar riga, abin sauraren ƙirji. Da aka haɗa, sai ga shi ƙananan nan sun taru sun yi tsauni. A Gadarif kuwa a gida za ta kwana, tuwon gida za ta ci. Na tambaye shi ko ba za a raina shahadarta ba. Ya ce, "Baba, duk wanda ya gama sai ya yi shekarar imtiyaz, wato shekarar horon aiki a asibiti, ya yi rajista da Majalisar Likitoci ta Sudan, kowa ta ƙofar nan yake bi. Kuma a duba sunan makaranta a kundin makarantun likitanci na duniya, saboda gaba idan ta so aiki a waje." Ya ƙara da cewa a jihar nan za ta ga kala-azar da idonta, cutar da Gadarif ta fi kowace jiha fama da ita, ga zazzaɓin cizon sauro, ga kwalara da ta addabi sansanonin 'yan gudun hijira. Mutanenmu na ƙauyukan noman riɗi da dawa suna zuwa asibiti, tsohuwa ba ta jin Larabci sosai, tana jin kunyar likita namiji. Ranar da za ta tarar da mace mai farar riga ta ce mata "Inna, ina ke miki ciwo?" da Hausa, wannan rana nake roƙon Allah ya nuna mini.

Matan adashin unguwa, kwasar wannan wata ba ta mai ɗakina ba ce, kuka haɗa baki kuka ba ta don a biya rajista. Yaron shagon intanet da ya cika mana takardar, ya karanta mana ita layi-layi kafin ya tura, ya ƙi karɓar kuɗi. Liman da jama'ar masallaci da suka sa mu a addu'a. Ita kuma mahaifiyarta, wadda ta yarda ta mayar da gwal ɗinta bayan ranta ya riga ya tafi Khartoum, na san abin da hakan ya ci mata. Allah ya biya ku duka.

Ina roƙon kowa ya sa yaran Darfur da sauran wuraren da ba a samu zama jarrabawar ba cikin addu'a, akwai masu ƙwazon da ya kai na 'yata ko ya fi. Ranar Juma'a bayan la'asar za a yi saukar Alƙur'ani da 'yar sadaka a gidan Yaya, kowa muna gayyatarsa. Wanda ɗansa ko 'yarsa ke shirin neman gurbi ya zo da makin a rubuce, likita ya ce zai tsaya har magariba.