Jadawalin da na rubuta da hannuna

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis da wayar kiran dare, bayan shekara shida ina riƙe da kamfanin kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman a gidajensu, a wani gari na arewacin Ingila. Kamfanin na wani ne, amma sunana ne a rajistar CQC, hukumar da ke sa ido kan ayyukan kula a Ingila, a matsayin manaja. 'Yan'uwa da ke wannan aiki sun yi ta tambayata abin da na fito da shi. Dare ɗaya ne ya fi tsaya min a rai, a hunturun 2022.

A watan Fabrairun shekarar aka buɗe wa masu aikin kula ƙofar biza, mai kamfani ya ga kasuwa ta samu. Duk aikin da ƙaramar hukuma ta turo sai ya ce a karɓa. Yawanci gajerun ziyara ne, rabin awa, wasu ma minti 15. Tun 2015 hukumar NICE, mai fitar da jagororin aikin lafiya da kula a Ingila, ta ba da shawarar kada ziyara ta gaza rabin awa sai da sharuɗɗa, kuma na san wannan sarai. Amma zaman cikin gida ake biyan mu, tafiyar da ke tsakanin gida da gida a wuyan kamfani take. Sau biyu na yi wa mai kamfani magana, ya ce in ba zan iya ba akwai masu iyawa. Na ja bakina, na zauna na matse jadawali.

Akwai wata yarinya 'yar gida Najeriya, wata huɗu da zuwanta, ba ta da mota, bas take bi. Na ba ta gida tara daga ƙarfe huɗu zuwa goma na dare, da minti biyar tsakanin kowane gida. Na ƙarshe a jerin wani dattijo ne mai shekara tamanin da 'yan kai, tsohon ma'aikacin masaƙa, ɓarin jikinsa ya shanye. Aikinta ta ba shi magani, ta raka shi banɗaki, ta kwantar da shi.

A gida na bakwai ta tarar da wata tsohuwa mai ciwon mantuwa ta ɓata jikinta, tana kuka don kunya. Yarinyar ta ɗora ruwa, ta yi mata wanka, ta sake mata zanen gado, ta zauna har tsohuwar ta natsu. Minti 15 ya koma kusan awa guda. Da ta fito daga gida na takwas bas ɗin ƙarshe ya wuce, titi duk ƙanƙara. Ta kira wayar dare sau biyu, ta bar saƙo. Wayar tana cikin motata, ni kuma ina wani gida a ɗaya ɓarin gari, ina cike gurbin wadda ba ta zo ba. Ta ɗauka na ji zan tura wani, ta tafi gida a ƙafa.

Dattijon ya jira, da ya matsu ya miƙe shi kaɗai. Maɓallin neman agaji da ya kamata ya kasance a wuyansa yana kan durowa. Mai ziyarar safe ce ta same shi a ƙasa da ƙarfe bakwai, ƙashin ƙugu ya karye, jikinsa sanyi ƙalau. Ya rayu, amma bai sake komawa gidansa ba.

Mai kamfani ya ce dole wani ya ɗauki laifin kafin a fara bincike. Na kira yarinyar ofis. Ta ce, "Anti, wallahi na kira ki sau biyu." Na ce mata na'urar da ke rubuta ziyara ta nuna ba ta shiga gidan dattijon ba, kuma abin da za a duba ke nan. Tun da asuba na ga kiran nata a wayar, na saurari saƙon, amma ban faɗa ba. Na sa hannu a takardar sallama ina sane da cewa bizarta a ɗaure take da mu, kuma in hukumar shige da fice ta datse ta, kwana 60 za a ba ta ta nemi wani kamfanin da zai ɗauke ta ko ta bar ƙasar. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nata.

Bayan mako biyu barci ya gagare ni. Na ajiye mota, na ɗauki jadawalin nan, na bi bas gida-gida kamar yadda na tsara mata. Ko da ba wanda ya riƙe ni, ko da na zauna a kowane gida iya mintocin da na rubuta, ba zan isa ƙofar dattijon ba sai wajen sha ɗaya da rabi. Da ma can ba mai iya wannan tafiya. Washegari na gaya wa mai binciken komai, har da saƙon wayar. Doka ta wajabta mana faɗa wa iyali gaskiya da ba su haƙuri, na je na zauna gaban 'yar dattijon na yi. A zaman da aka yi, mai kamfani ya ce shi bai taɓa sa ni matse kowa ba. Ba a rubuce ya faɗa ba, don haka maganarsa ta tsaya. Har yau in na tuna yadda ya kalle ni yana faɗin haka, raina sai ya ɓaci.

Na zo ƙasar nan ina taƙama da cewa mu ba ma barin iyayenmu a hannun bare, mun tashi da tausayin tsoho, wannan ya isa. Yarinyar nan ta fi ni tausayi a daren, kuma tausayin ne ya makarar da ita. Nawa rabon a matsayin shugaba shi ne in ba ta lokacin da za ta yi wa tsohuwa wanka ba tare da wani tsoho ya kwana a ƙasa ba, ban kuwa ba ta ba.

Daga nan na daina karɓar ziyarar da ta gaza rabin awa. Lokacin hanya da jadawalin bas nake lissafa shi ga marasa mota. Wayar dare ta zama ta mutum biyu. Na mayar wa ƙaramar hukuma ayyukan da suka fi ƙarfinmu, mai kamfani ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Masu duba na CQC da suka ce muna buƙatar gyara, da suka dawo sun ce aikinmu ya yi kyau. Sauran darussan gajeru ne: duk umarnin da aka ba ki da baki ki nemi a rubuta, ki gaida mai gida kafin ki taɓa komai nasa, kada ki yi wa iyali alkawarin lokacin da ba ki auna ba.

Yarinyar ta samu aiki a wani gari saura 'yan kwanaki wa'adinta ya cika. Ni na rubuta mata takardar shaida, na kuma kira ta na roƙi gafara. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Anti." Tun ranar ba ta sake ɗaga wayata ba.

A watan Yulin 2025 an rufe ɗauko masu aikin kula daga waje, amma waɗanda ke nan bizarsu tana ɗaure da masu kamfani har yanzu. Sabuwar manajar da na miƙa wa ofis, na bar mata tsohon jadawalin a aljihun tebur, da lokutan bas da na rubuta a gefensa da jan biro, na ce ta karanta kafin ta tsara na Litinin.