Bashin da Na Ci Don Sayen Hannun Jari

Ƙannena matasa, na lura cewa sayen hannun jari ya dawo cikin wayar hannu, mutum yana zaune a ɗakinsa zai saya ya sayar, har ana yi masa tayin rance domin ya ƙara a kan jarinsa. Ganin haka ne ya sa na ga ya dace in ba ku labarin abin da ya same ni tsakanin 2007 da 2009, tun da Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A 2004 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25, kuma zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 suka ragu suka koma 25. Bankunan suka shiga sayar wa jama'a hannun jari, talla ta cika rediyo da jaridu, farashi kuwa sai hawa yake yi, har ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashi gaba ɗaya, ya haura 66,000 a watan Maris na 2008. A wurin aikinmu babu hirar da ake yi sai ta wane ya ninka kuɗinsa cikin wata shida.

Ina da naira miliyan ɗaya da na tara ta hanyar adashi da tsimi na shekaru. Wani dillali ya ce za a ranta mini wata miliyan ɗaya in sayi hannun jarin miliyan biyu, hannun jarin ne kuma za su zauna a matsayin jingina. Ya yi mini lissafi a bayan ambulan: idan farashi ya tashi da kashi 25 cikin ɗari, kayana sun zama miliyan biyu da rabi, in mayar da bashi, ribata dubu ɗari biyar, wato rabin uwar kuɗina. Lissafin gaskiya ne, kuma a watannin farko haka aka yi. Kuskurena shi ne ban juya ambulan ɗin na yi lissafin faɗuwa ba. Idan farashi ya sauka da kashi 25, rabin jarina ya tafi. Idan ya sauka da kashi 50, ba ni da ko sisi, alhali bashin yana nan yadda yake, kuɗin ruwa kuma yana taruwa a kansa kowane wata, ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba.

Daga Maris na 2008 kasuwa ta juya. Wata rana bayan la'asar dillalin ya kira ni ofishinsa, ya shimfiɗa takardar da na sa wa hannu, ya ɗora yatsa a kan wani sakin layi mai ƙananan haruffa wanda ban taɓa karantawa ba. Ya ce, "Malam, darajar jinginarka ta yi ƙasa da ƙa'ida. Ko dai ka kawo kuɗi a cike giɓin cikin kwanaki kaɗan, ko kuma a sayar da kayanka." Na ce masa ya yi haƙuri kasuwa za ta farfaɗo, ya amsa da cewa haƙurin ba a hannunsa yake ba.

A nan ne na fahimci abin da nake so ku riƙe fiye da komai. Wanda ya sayi hannun jari da kuɗinsa yana da ikon jira, zai iya rufe ido shekara biyar yana karɓar ɗan rabon ribar da kamfani ke bayarwa. Wanda ya saya da rance kuwa ya miƙa wannan ikon ga mai bin sa bashi, shi ne zai zaɓi ranar da za a sayar, kuma ranar da zai zaɓa ita ce ranar da farashi ya fi lalacewa, domin a lokacin ne jinginar ke ba shi tsoro. Ga shi dubban mutane irina ake tilasta wa sayarwa a lokaci guda, sayarwar kuma tana ƙara danne farashin. Akwai makonnin da ake fitar da hannun jari kasuwa a rasa mai tayawa ko kaɗan.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo. Maimakon in karɓi asarar da ta riga ta auku, sai na sayar da ɗan filin da nake shirin ginawa na zuba kuɗin a giɓin, ina zaton na sayi lokaci. Bayan 'yan makonni aka sake kirana. Kafin tsakiyar 2009 ma'aunin kasuwa ya gangaro kusan 20,000, ni kuma dukkan abin da na saya na bankuna ne, ban rarraba ko'ina ba, alhali su ne suka fi shan duka, domin su kansu sun bayar da irin wannan rance mai yawan gaske. A watan Agusta na 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar tare da zuba naira biliyan 420 don ceto su, a 2010 kuma aka kafa hukumar AMCON ta sayi munanan basussuka.

Akwai wani abin da har yau nake jin nauyinsa. Tun farko wani malamin unguwarmu ya ja hankalina cewa rancen da ke ɗauke da kuɗin ruwa haramun ne, na yi masa 'yan dabarun magana na wuce, saboda idona ya rufe da ribar da nake hange.

Saboda haka, duk wanda aka yi wa irin wannan tayi a cikinku, ya nemi a nuna masa a rubuce farashin da za a kai kafin a kira shi, da kwanakin da za a ba shi, da kuma wanda zai biya ragowar idan an sayar da jinginar ba ta rufe bashin ba. Ni ban yi wannan tambaya ta ƙarshe ba. Aka sayar da kayana kaf, aka aiko mini da takardar ragowar bashi, na yi shekara uku ana cire shi daga albashina, muna zaune a gidan haya ni da iyalina, filin kuwa wani ya riga ya gine shi.