Daga Whitehorse zuwa Inuvik: Abin da Burji Ke Yi wa Ƙasan Tirela

Ruwan sama ne ya raka mu tun daga Watson Lake har Whitehorse, tafiyar kusan kilomita 440 a kan babbar hanyar Alaska. Hanyar kwalta ce, amma da yake a wannan yanki na Kanada lokacin zafi kaɗai ake iya aikin titi, sai mutum ya yi ta cin karo da wuraren da aka kankare kwaltar aka zuba tsakuwa. Akori-kura muke ciki, tana jan tirelar kwana, irin ɗakin nan mai tayoyi huɗu da ke da gado da kicin da banɗaki. Inuvik muka nufa, wani gari a can arewacin Kanada, ta hanyar Dempster, kilomita 736 da kusan dukkanta burji ce. Whitehorse, babban birnin yankin Yukon, shi ne gari na ƙarshe da ake samun shagunan kayan gini yadda ake so, don haka a nan mai hankali yake shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin tirelarsa ya duba.

Abin da ake gani a ƙasan yawancin irin waɗannan tireloli baƙar roba ce mai ramuka a ciki, kamar kwalin katan, wadda ake kira Coroplast, kaurinta wajen milimita 4. Wasu kuma saƙaƙƙiyar leda ce kawai, mai kama da ta buhu. A samanta akwai audugar gilashi mai tare sanyi, da tankuna uku, na ruwa mai tsabta da na ruwan wanka da na bayan gida, sai bututun ruwa da wayoyin birki da bututun da ke kai ɗumi ga tankunan. Duk wannan kaya falle ɗaya ne ya rufe shi, kuma a gefe biyu kaɗai aka kafe shi a jikin shasi. Tsakaninsu akwai faɗin kusan santimita 180 da babu abin da ya tallabe shi.

Namu ya yi tumbi a bayan tayoyi. Da na tura shi da tafin hannu sai na ji nauyi, na kuma ji ruwa yana kai-kawo a ciki. Kafin a taɓa komai ana huda ƙaramin rami a inda ya fi saukowa, a tara bokiti, a dubi ruwan da ya fito. In fari ne tas, a zargi bututu ko tanki. In yana wari, an san daga inda ya zo. Namu mai laka ne, ruwan hanya ke nan, kuma ƙofarsa ba ta ɓuya ba: bakin robar na gaba ya ɓalle daga shasi, iska tana buɗe shi tana cusa feshin tayoyin mota. Audugar gilashi in ta sha ruwa ba ta bushewa a rufe, kuma kowace lita kilo guda ce. Nauyin ne yake jan robar har ramukan sukuru su yage ɗaya bayan ɗaya. Dutse yana huda roba, gaskiya ne, amma abin da yake kwaɓe ta gaba ɗaya iska ce da ruwa, kuma daga baki suke farawa.

Ga yadda muka yi aikin a filin da muka sauka. Mun saka wa tayoyi waigi gaba da baya, muka bar tirelar a kan tayoyinta. Ba a shiga ƙarƙashin abin da jak kaɗai ya ɗaga. Muka zubar da ruwan tankuna, muka rufe tukunyar gas, muka cire waya daga batir. Bututun gas na ƙarfe yana bi ta ƙasan robar, to maƙalansa kawai ake sassautawa a zare robar ta samansa, ba a kwance mahaɗinsa. Tsofaffin sukurorin da suka yi tsatsa a fesa musu mai a ba su lokaci, wanda kansa ya cinye a yanke shi. Tabarau da takunkumi da safar hannu dole ne, domin ƙurar audugar gilashi tana shiga ido da maƙogwaro.

Da cikin ya buɗe, ba mu yi gaggawar rufewa ba, don ba kullum ake samun wannan dama ba. Mun cika tankin ruwa, muka kunna famfo, muka bi kowane mahaɗi da busasshen tsumma. Mun duba ƙarafunan da suka ɗauki tankuna, domin tanki mai lita 150 nauyin kilo 150 ne yake tsalle a kan burji. Wayoyin da ke lilo muka ɗaure su, inda suka ratsa ramin ƙarfe muka sa musu roba kada bakin ƙarfen ya ci su. Tsatsar shasi muka goge da burushin waya muka shafa fenti. Jiƙaƙƙiyar audugar ta tafi bola, a madadinta muka yanka allon kumfa mai tauri na inci ɗaya, wanda ba ya shan ruwa, muka cusa shi tsakanin ƙarafuna, amma ba mu toshe hanyar ɗumin da ke zuwa wajen tankuna ba.

Sabuwar robar ana samunta a wajen masu sayar da kayan gini ko masu rubuta allon talla, falle mai ƙafa 4 da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. Nan ne wurin da ya fi bukatar natsuwa. Ramukan cikin robar suna bin tsawonta ne, kuma ta wannan fuskar take da tauri, don haka a gicciye ake shimfiɗa ta, ramukan su tashi daga wannan gefen shasi zuwa wancan. Kowane falle sai a yanke shi daidai faɗin shasi, ya rufe santimita 122 na tsawon tirela. In aka cire santimita 8 na hawa kan juna, ciki mai tsawon mita 6 zai ci falle 6. Daga baya ake farawa a yo gaba, yadda mai rufin kwano yake farawa daga ƙasa ya yi sama: fallen gaba ya rufe bakin na bayansa ta waje, iska da ruwa su zame su wuce ba su samu bakin shiga ba. Wanda ya juya wannan tsari ya buɗe wa iska aljihu a kowane mahaɗi.

Sukuru mai huda ƙarfe da kansa muka yi amfani da shi, tsawon inci ɗaya, kowanne da faffaɗar washa, tazarar santimita 25. A sayi ɗari, za a ga amfaninsu. Inda tsohon rami yake da kyau a koma cikinsa, domin yawan huda leɓen shasi ba alheri ba ne, musamman kusa da inda sifirin ya maƙale. Ramin da ke jikin robar a ɗan faɗaɗa shi, kuma kada a matse washa har ta nutse, saboda robar tana miƙewa da zafi tana tsukewa da sanyi. Kafin kowane huji a leƙa abin da ke bayan ƙarfen. Tanki yakan zauna dab da shasi, kuma dogon sukuru ɗaya ya isa ya mai da aikin yini guda na mako.

Abin da ya bambanta wannan rufi da wanda aka cire shi ne tallafi. A ƙarƙashin kowane mahaɗi mun gicciya alminiyum mai kusurwa, milimita 25 kowane gefe, daga shasi zuwa shasi, muka ƙara ɗaya a ƙasan kowane tanki. Robar kaɗai zai tallaba, ba tanki ba. Tsakaninsa da ƙarfen shasi muka sa siririyar roba, don alminiyum da ƙarfe in suka haɗu a cikin ruwan gishiri ɗaya yana cin ɗaya. Bakin gaba kuwa mun danne shi da falalen alminiyum tun daga wannan ƙarshe har wancan, sukuru kowane santimita 15. Kewayen bututu muka cusa ragar jan ƙarfe saboda ɓeraye, sannan muka fesa kumfa. Salatif ba ya son kama irin wannan roba, sai an goge ta da sifirit an ɗan ɗumama ta, kuma ko da hakan ni ban yarda a bar masa ɗaukar nauyi ba. Daga ƙarshe muka huda ramuka na milimita 6 a wuraren da suka fi sauka. Wasu suna ƙin wannan, wai ƙura za ta shiga. Za ta shiga, amma ƙura ba ta kai ruwa nauyi ba. Muka mayar da maƙalan gas, muka shafa ruwan sabulu a mahaɗai muka tabbatar babu kumfar da ke tashi.

Daga Whitehorse muka bi hanyar Klondike zuwa mararrabar Dempster, kimanin kilomita 40 kafin Dawson City. An buɗe Dempster a 1979, kuma an ɗora ta ne a kan tudun tsakuwa mai kauri don kada daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashinta ta narke. Saboda haka gefenta gangare ne, wurin tsayawa sai an nema. Daga mararrabar babu gidan mai sai Eagle Plains, kilomita 369. Duwatsun Tombstone da ke farkon hanyar sun isa a tsaya a kalla, kuma a nan muka fara leƙa ƙasan tirela: babu sukurun da ya motsa.

Maganin burji shi ne rage gudu. In babbar mota ta tunkaro, a matsa dama a sassauta, don ƙarfin dutsen da zai same ka har da naka gudun a ciki. Mafi yawan tsakuwar da ke dukan tirela ma tayoyin motar da ke janta ne suke watso ta, shi ya sa faffaɗan labulen roba a bayan akori-kura ya fi kowane faci amfani. Ana zuba wa hanyar gishirin kalsiyam don kwantar da ƙura, in ruwa ya sauka sai ya zama laka mai santsi da ke manne wa komai tana cin ƙarfe.

Bayan Eagle Plains da kilomita 36 aka ƙetare layin Aktik, wato iyakar da daga ita zuwa arewa rana kan kwana ba ta faɗi ba a lokacin zafi, sannan duwatsun Richardson. Kogin Peel da na Mackenzie da jirgin fito ake haye su, kyauta. Mashigar jirgin ta ƙasa ce da ake gyarawa gwargwadon hawa da saukar ruwa, kuma nan ne bayan doguwar tirela yake iya gurzar ƙasa, don haka a shiga a hankali, a bi hannun ma'aikacin da ke nuna hanya. A Inuvik rana ba ta faɗuwa kwana 56 a lokacin zafi, kuma akwai ɗan masallacin da aka ƙera a birnin Winnipeg da ke kudancin Kanada aka kawo shi ta mota da jirgin ruwa a 2010.

A can muka wanke ƙasan tirelar da ruwa mai matsi, muna harba shi daga gaba zuwa baya don kada ya shiga mahaɗai. Fallen farko duk tabon tsakuwa ne amma bai huje ba, bakin gaba yana nan daram. Abin da ya ji jiki shi ne bututun zubar da ruwan tanki, mai inci 3, wanda yake leƙowa a bayan taya babu abin da ya kare shi. Dutse ya ɓantare gefen murfinsa. Muka naɗe shi da tsohon tiyub, muka ɗaure da maƙalan ƙarfe biyu, muka share ramukan zubar ruwa da laka ta toshe, sannan muka juya kan mota kudu.